Dutsen Dala, Alamar Birnin Kano

A bakin teku, hasumiya mai fitila ce ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Mu a ƙasar Kano ba mu da teku, amma muna da Dutsen Dala. Tun daga nesa fatake kan hango shi, su san sun iso birni. Maƙera sun zauna gindinsa tun ƙarni na 7, kafin Sarki Gijimasu (1095-1134) ya soma gina ganuwa. Yau akwai matakala, daga sama kuwa ana ganin Goron Dutse da tsohon birni. Sai dai zaizayar ƙasa da gine-gine suna cin gefensa. 'Yan'uwa, in mun shiga birni mu kai yaranmu su gani, kada kuma mu zubar da shara a wurin.