Kitsen da ke ɓaci a cikin jijiya

Duk mai sayar da man gyaɗa ya san idan mai ya daɗe a buɗe yana shan iska, ƙamshinsa da ɗanɗanonsa sai su juya. Iskar oksijin ce ke wannan ɓarna. Daniel Steinberg, likita kuma malami a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a Amurka, ya yi shekaru yana binciken ko haka take faruwa da kitsen da ke yawo a jinin mutum.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne wannan. An san kolastarol nau'in LDL yana taruwa a bangon jijiya har ya toshe wa zuciya hanyar jini. Amma da aka haɗa lafiyayyen LDL da ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti, sai suka ƙi cika cikinsu da shi. To, ta yaya suke kumbura da kitse a cikin jijiya? A 1981 Steinberg da abokan aikinsa suka nuna cewa idan LDL ya jima tare da ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon jijiya, sai ya sauya, ƙwayoyin garkuwar kuma su yi ta haɗiyarsa babu ƙoshi. Daga baya aka gano oksijin ne ya ɓata shi. A 1987 suka ba zomaye masu yawan kolastarol maganin probucol, wanda ke hana wannan ɓaci, toshewar jijiyoyinsu ta ragu.

Nan fa 'yan kasuwa suka samu abin talla, kwalaben bitamin E, wanda ake sa ran shi ma zai hana wannan ɓaci, suka cika kantunan magani. Sai dai mutum ba zomo ba ne. Wani gwaji mai suna HOPE na 2000, kan mutum fiye da 9,000, bai ga wata kariya daga bitamin E ba. A ganina wannan bai rushe aikin Steinberg, wanda ya rasu a 2015, ba. Gaggawar masu talla ya tona. Ɓacin kitsen yana nan, ƙwayar bitamin ce ta kasa tare shi.

A 2002 wani gwaji a Birtaniya, mai mutum fiye da 20,000, ya gwada bitamin da kuma simvastatin, maganin rage LDL. Bitamin bai tsinana komai ba. Simvastatin kuwa ya rage toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.