Panya: Gadon Mulkin Sifen a Harsunan Gini Ikwatoriya

A kudu maso gabashin Nijeriya, tsofaffi kan ce wane ya tafi "Panya". Kalmar ta samo asali ne daga España, sunan ƙasar Sifen a bakin masu ita, amma abin da ake nufi shi ne tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko a ƙasar Gini Ikwatoriya.

Fotugal ce ta miƙa wa Sifen tsibirin a yarjejeniyar El Pardo ta 1778, sai dai Sifaniyawa sun daɗe ba su zauna ba. A 1827 Ingilishi suka kafa garin Clarence, wato Malabo ta yanzu, suka zaunar da 'yantattun bayi da mutanen Saliyo masu jin Kiriyo. Daga nan Pichi ya tsiro. Da mishan na Claret suka iso a 1883, sai makaranta da coci suka koma hannun Sifaniyanci. Hukumar Patronato de Indígenas kuwa ta raba 'yan ƙasa gida biyu: 'yan tsirarun da aka ba takardar "emancipado", da sauran jama'a da doka ta ɗauka tamkar yara. Ilmin makarantar Sifaniyawa na cikin abin da ke buɗe wannan ƙofa.

Amma gonakin koko sun warware abin da makaranta ta ƙulla. Bubi, 'yan asalin tsibirin, ba su wadatar da ƙwadago ba, don haka yarjejeniyar 1942 tsakanin Ingila da Sifen ta kawo dubban leburori daga Nijeriya, galibinsu Ibo da Ibibiyo da Efik. Da Turancin buroka suke magana da juna, har da masu gonar. Ke nan mai mulki da kansa ya ciyar da harshen da yake rainawa.

An sami 'yanci ran 12 ga Oktoba, 1968, kuma zaluncin Macías Nguema ya sa Nijeriya ta kwashe mutanenta a 1975 zuwa 1976. Sifaniyanci bai gusa ba. Shi ne harshen makaranta da ofis, ko da yake an ƙara Faransanci da Fotugisanci a jerin harsunan hukuma. Fang da Bubi da Ndowe ba su sami wannan matsayi ba. Pichi ma haka, kuma binciken Kofi Yakpo ya nuna masu jin sa kan koma Sifaniyanci wajen manyan lambobi da ranakun mako, kamar yadda Bahaushe ya ari ashirin da Litinin daga Larabci.