Aya, Waƙafi da Sakin Layi: Yadda Ake Yi wa Na'ura Shifta

Duk wanda ya zauna a ajin firamare ya san shifta. Malam na faɗa, ɗalibai na rubutawa. In ya kai gaɓa ya ce "waƙafi", in jimla ta cika ya ce "aya". Ba yaron da ke rubuta kalmar "waƙafi" a littafinsa, sai fa wanda hankalinsa ya tafi filin ƙwallo. Kowa ya gane cewa wannan umarni ne, ba ya cikin abin da ake shiftawa. Wannan rarrabewar da ɗan shekara tara ke yi ba tare da wani tunani ba, tana cikin abubuwan da suka fi ba na'ura wahala.

Aikin ba baƙo ba ne a kudancin kogin Kaduna. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu masana'antu suka biyo baya, ofisoshin yankin sun dogara da sakatarori. Manaja ya faɗi wasiƙa da baki, sakatare ya ɗauka da gajeren rubutu irin wanda Isaac Pitman ya fito da shi a Ingila a 1837, sannan ya buga a tafireta. Ƙwararren sakatare ba ya jira a ce masa ga inda adireshi zai zauna ko inda za a saki layi. Masaƙar ta rufe a 2002, tafireta ma ta yi ritaya. Yau ɗalibin da ke Barnawa ko Sabon Tasha, da wayar salula a hannu, shi ne manaja, wayar ce sakatare, kuma sakatare ce mai saurin hannu amma mai ƙarancin lura.

Me ya sa sai an faɗa mata? Domin magana ba ta da aya ko waƙafi. Numfashi take da shi. Mutum a zaune yakan shaƙi iska sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Da zarar ya soma magana sai tsarin ya sauya: ya zuƙi iska da sauri, ya riƙa sakinta a hankali, tana bi ta tsakanin tantanin maƙwallato tana kaɗa shi. A wajen namiji baligi kaɗawar takan kai sau 100 zuwa 150 a daƙiƙa, a wajen mace kuwa wajen sau 200 ko fiye. Sauya saurin kaɗawar nan shi ke ɗaga murya ko ya sauke ta, kuma da shi Bahaushe ke bambanta "Ya zo." da "Ya zo?" Kunne na jin wannan, ƙwaƙwalwa ta fassara. To amma ba kowane tsayawa ne waƙafi ba. Wani don iska ta ƙare ne, wani don mai magana na laluben kalma.

An daɗe ana fama da matsalar. A 1952 ɗakin binciken Bell a Amurka ya ƙera na'ura mai suna Audrey, wadda lambobi goma kawai take ganewa. Manhajar DragonDictate ta 1990 sai an tsaya bayan kowace kalma. A 1997 ne Dragon NaturallySpeaking ta soma karɓar magana a jere. A 2016 kamfanin Google ya sa umarnin gyara rubutu da baki a Google Docs, da Turanci kawai: a ce "comma" ta sa waƙafi, a ce "new paragraph" ta saki layi, a ce "bold" ta kaurara baƙaƙe. Hausa kuwa sai a 2024 kamfanin ya sanar da shigar da ita cikin harsunan Afirka 15 da ya ƙara a tsarinsa na rubutu da murya a waya.

Gane kalmomin Hausa mataki ɗaya ne, karɓar umarni da Hausa wani mataki ne daban. Alal misali, ɗalibi ya ce, "Na sayi aya aya." Ta farko ita ce wadda ake taunawa ko a yi kununta, ta biyu alamar rufe jimla. A baki sun bambanta: ta ci gajeren wasali ne a farkonta kuma muryar a sama take, ta rubutu kuwa wasalin farko dogo ne, muryar ta faɗo a ƙarshe. A rubutun boko ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka a takarda kamarsu ɗaya. Haka "ruwa biyu": alamar rubutu ce, amma a ɗakin gwaji tana iya zama ruwa kala biyu a cikin kwalabe. Duk wanda zai ƙera mana irin wannan manhaja, dole ya koya mata sauraron karin sauti, ba baƙaƙe da wasula kaɗai ba.

A fanninmu na nazarin halittu, siffar rubutu kanta ƙa'ida ce. Tun littafin tsirrai da Carl Linnaeus ya wallafa a 1753, kowane tsiro suna biyu gare shi na Latin. Na farko da babban baƙi yake farawa, na biyu da ƙarami, kuma a karkace ake buga su. Ayar ci sunanta Cyperus esculentus, gero kuwa an daɗe ana rubuta shi Pennisetum glaucum. Na'ura takan musanya irin waɗannan sunaye da kalmomin Turanci masu kama da su, ko da ta rubuta daidai ba lalle ta karkata su ba sai an umarce ta. Malamin da ke maka rahoton gwaji kuwa ba zai karɓi uzurin cewa laifin waya ne ba.

A ganina ya fi kyau a raba aikin gida biyu. A fara shifta zancen jimla-jimla, a wurin da babu ƙarar janareto ko hon ɗin Keke Napep, ana faɗin alamomi in da Turanci ake yi. Sannan a koma da ido, a bi sunayen Latin da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, don kada "ƙafa" ta koma "kafa". Lambobi su ne abin dubawa sau biyu: ɗigo ɗaya ya ɓace, mililita 2.5 na ruwan asid ya zama 25.