Idon Kaka da Katin Asibiti

Ranar da aka fito da bakwaini daga kwalba a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, aka kama hanyar Dambatta ko Makoɗa da shi, rainonsa ya rabu gida biyu. Ga kaka tana jira a ɗaki, ga kati mai ɗauke da ranar dawowa.

Kaka tana nan dare da rana, likita kuwa sai an je. Ita ke fara lura jinjiri ya rage tsotso, ko tafin ƙafarsa ya yi sanyi da asubar hunturu. Ɗumi shi ne ran bakwaini, don ba shi da kitsen riƙe zafin jiki. Goyon ƙirji, fata da fata, an faro shi a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da zarar an haihu. A nan babu mai taya mai jego kamar kaka. Ƙorafina da ita biyu ne: kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, ga huhu bai yi ƙwari ba, sai ɗuran jiƙo ga cikin da nono kaɗai yake so.

Sai dai wani ciwon ba ya nuna kansa. Ɗan da aka haifa kafin mako 32, jijiyoyin jinin bayan idonsa ba su gama tsiro ba, kuma iskar oksijin da ta ceci ransa tana iya sa su fito a karkace. Wajen wata guda da haihuwa ake dubawa. In an makara, yaro na iya makancewa alhali idonsa garau a fili. Haka kunne, musamman bayan shawara mai tsanani: a yi ta cewa miskili ne har ya shekara uku bai ce "Inna" ba.

Lissafin asibiti ma yakan kwantar da hankalin gida. Ɗan da aka haifa a wata bakwai, in ya kai wata takwas a duniya, ɗan wata shida ne a wurin likita, don haka rashin zamansa ba abin kuka ba ne. Har shekara biyu ana cire wannan rata.

Na san kuɗin mota zuwa birni ba wasa ba ne, balle da damina maigida yana gona. In gida ba zai iya kowane zuwa ba, a sayar da zakara a je na duba ido.