Wa Ke Riƙe Da 'Yan Sandan Madawa, Buza Da Keita?

'Yan sandan da ake gani a bakin tasha a Madawa, ko ranar kasuwa a Buza da Keita, ba ma'aikatan garin ba ne. Magajin gari bai ɗauke su aiki ba, kuma ba daga harajin kasuwa ake biyan su ba. Rundunar 'yan sandan Nijar ɗaya ce a faɗin ƙasa, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, babbar hedikwatarta kuma tana Yamai.

Umarni yana gangarowa ne daga Yamai zuwa daraktan 'yan sanda na jihar Tawa, daga nan zuwa shugabannin gundumomi da kwamisariyoyinsu. Wajen tsaron jama'a suna aiki da gwamna da firefe, wakilan gwamnati. Idan kuwa binciken laifi ne, mai shigar da ƙara na gwamnati suke amsa wa, kuma doka ta ba su awa 48 su riƙe wanda ake zargi, sai in shi ya ƙara wa'adin. Wannan ƙa'ida ya kamata kowane magidanci ya san ta.

Aikin ɗan sanda ya fi yawa a cikin gari. A ƙauyukan Adar da kwarin Majiya, inda mafi yawan mutanen gundumomin uku suke zaune, jandarma ne ke amsa kira, su kuma suna ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro. Akwai kuma Gardi Nasiyonal, wadda ta karɓi wannan suna a 2010, mai gadin gidajen kaso da ofisoshin hukuma. Rikicin gona ko na burtali tsakanin manomi da makiyayi kuwa, sau da yawa a ƙofar maigari ko fadar sarki ake sasanta shi kafin ya kai ga mai kaki.

Albashi da kaki da motoci da makamai galibi daga kasafin kuɗin ƙasa suke fitowa, wanda ake yankewa kowace shekara. Ɗaukar aiki ta jarrabawa ce, horo kuma a makarantar 'yan sanda ta Yamai, shi ya sa ɗan Difa yakan wayi gari yana aiki a Keita. Taimakon waje ya taka rawa shekaru da dama. Tawagar Tarayyar Turai mai suna EUCAP Sahel, wadda ta fara aiki a 2012, ta taimaka an kafa rundunar sintirin kan iyaka a Birnin Ƙonni, yamma da Madawa, da kuɗin Jamus da Holan. Gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar tawagar a Disamba 2023. A Oktoban shekarar ta riga ta kafa asusun ceton ƙasa, wanda ake tara wa kuɗi daga kiran waya da man fetur da gudummawar jama'a, don tallafa wa jami'an tsaro.

Rabon gari a cikin wannan tsari kaɗan ne. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora wa magajin gari kula da tsafta da natsuwar jama'a da tsarin kasuwa, kuma da kuɗin tikitin kasuwa da na tasha yake biyan ma'aikatan da ke wannan aiki. Tun Afrilu 2024, da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da wannan aiki.

Wannan tsari yana da amfani, domin gunduma mai ƙaramin ƙarfi kamar Buza ba za ta iya ɗaukar albashin runduna ba. Illarsa ita ce nisa. Madawa tana kan babban titin Yamai zuwa Maradi, motocin albasa na ratsa ta dare da rana, ƙaramar hukumar Bangi kuma tana iyaka da jihar Sakkwato, inda 'yan bindiga ke addabar ƙauyuka. Idan mutanen wannan yanki suna bukatar ƙarin jami'ai ko motar sintiri, sai kukansu ya bi ta hannun firefe da gwamna, ya jira amsar Yamai.