Bindigar Ajiya da Bindigar Ɓarna: Daga Romaniya zuwa Gidan Kanta

Ya ku malamai da fatake na ƙasar Kabi, ku saurara ku ji labarin wata al'ada ta mutanen Turai da Amurka, domin akwai abin da ya shafe mu a cikinta. A can akwai waɗansu mutane da himmarsu ita ce tara tsofaffin bindigogin soja, kamar yadda malami yakan tara littattafai. A cikinsu akwai waɗanda suka keɓe kansu ga bindigogin ƙasar Romaniya, wadda ke gabashin Turai, a bakin Baƙin Teku.

Ga irin abin da suke nema. Ta fari ita ce Mannlicher ta shekarar 1893, wadda aka ƙera wa Romaniya a masana'antar Steyr ta ƙasar Ostiriya, kuma sojansu suka shiga Yaƙin Duniya na Farko da ita. Sa'an nan akwai Orita ta shekarar 1941, gajeriya mai aman harsashi, wadda suka ƙera da kansu a garin Kujir lokacin Yaƙin Hitila. Bayan Romaniya ta shiga ƙawancen Rasha, sai maƙeran Kujir suka ɗauki samfurin Kalashnikov, suka fitar da tasu a 1963. Ana shaida ta da wani mariƙi na itace da ke ƙarƙashin bututunta. Waɗansu kuwa suna ɗauke da harafin G, alamar dakarun sa-kai da ƙasar ta kafa a 1968.

Mai tara su ba ya yarda da bindiga sai ya karanta jikinta. Zai duba hatimin masana'anta, watau kibiya a cikin zane mai kusurwa uku, ya duba shekarar ƙira, ya gwada lambar da ke jikin kowane ƙarfe ko ta dace da 'yar'uwarta. In lambobi suka saɓa, darajarta ta faɗi. Malamai sun san wannan hanya sarai, don kuwa haka ake yi wa tsohon littafi: a nemi sunan mawallafi, da na wanda ya kwafa, da hannuwan da ya bi.

To, mu ma muna da namu gidan ajiya. A Argungu, tsohuwar fadar sarakunan Kabi ta zauna fada har shekarar 1942, sa'ad da aka koma sabuwa. A 1958 aka buɗe ta a kan gidan tarihi, aka raɗa mata sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na goma sha shida, ya gina Surame. A ɗakunanta akwai masu, da takubba, da bakuna da kibau, da layu, da tambura, da bindigogin gargajiya, ga kuma kusheyin sarakuna. Waɗannan kaya shaidu ne na zamanin da ya fara tun faɗuwar Birnin Kebbi a hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, da tashin Yakubu Nabame a 1849, har zuwan Turawa, waɗanda suka ci Sakkwato a 1903.

A wancan zamani doki da kibiya su ne ƙarfin yaƙi. Bindigar toka, wadda fatake ke kawowa daga bakin teku da kuma ta Hamada, ɗura ta ake yi ta baki da albarushi, kuma kafin mai ita ya sake ɗuri, maharbi ya saki kibau da yawa. Wanda ya ga irinta a Gidan Kanta, ya kuma ji labarin bindiga mai ruwa da Turawa suka zo da ita, zai fahimci dalilin da ya sa mahayan Sakkwato ba su iya tsayawa ba.

Abu biyu ne ya kamata mu kiyaye. Na fari, kayan gado. Gidaje da yawa suna da takobin kaka ko tsohuwar bindigarsa a rataye, tsatsa na ci. Dillalai sukan bi ƙauyuka su saye da araha, su fitar waje, sunan mai kayan da labarinsa su ɓace. Dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba. Saboda haka, ya kai magaji, ka sami malami ya rubuta maka sunan mai kayan, da garinsa, da yaƙin da ya halarta in an sani, ka ajiye takardar tare da su. In ba ka iya adanawa, gidan tarihi ya fi dillali amana. Kada kuma ka ɗauka ba komai a cikin tsohuwar bindiga, domin albarushi yakan daɗe bai mutu ba.

Na biyu ya fi nauyi. Irin bindigar nan ta Kalashnikov da Bature ke shafa wa mai yana ratayewa a bango, a wurinmu ba ta tsufa ba, aiki take yi. Romaniya da waɗansu ƙasashe sun sayar da ita da yawa a Afirka, kuma bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makaman Libiya suka watsu cikin Hamada. Mun ga abin da 'yan bindiga suka yi a makarantar Birnin Yawuri a 2021, da abin da Lakurawa suka yi a Mera ta ƙasar Augie a 2024. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana kowa riƙe bindigar soja sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ko bindigar toka tana bukatar takardar 'yan sanda.

Don haka, fatake, kada ku karɓi ƙunshin da ba ku ga cikinsa ba, komai yawan lada. Malamai kuwa, ku faɗa wa almajirai da iyayensu cewa kyawun makami ya tsufa a ɗakin tarihi, yara su zo su gani, su tambaya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Haza wasalam.