Tsamin Ƙasa da Abincin Shuka: Misali Daga Samaru

Manomi Bahaushe yana da kalmomin da yake rarrabe ƙasa da su, kamar jigawa da laka da fadama da jangargari. Waɗannan duk da ido da tafin hannu ake gane su. Amma idan ya ce gona “ta gaji”, to ya taɓo abin da ido ba ya gani ke nan, wato sinadaran da ke cikin ƙasar.

Shuka takan zuƙi abincinta ne narke a cikin ruwa ta hanyar saiwa. Manyan sinadaran da take buƙata uku ne: naitirojin da fosfaras da fotashiyam. Su ne haruffan NPK da ake gani a jikin buhun kamfa a kasuwar Sabon Gari. Idan naitirojin ya yi ƙaranci, sai tsofaffin ganyayen masara su yi rawaya tun daga baki. Ƙarancin fosfaras kuwa yakan tsumburar da ita, ganyen ya yi ruwan makuba.

Sai dai samuwar sinadari a ƙasa daban, isarsa ga shuka daban. Abin da ke tsakani shi ne tsamin ƙasar. Ana auna shi da ma’aunin pH, daga 0 zuwa 14. 7 ne tsaka-tsaki, abin da ya gaza haka kuma tsami ne. A lura, sauka ɗaya a ma’aunin ninki goma ne, don haka ƙasa mai 5 ta ninka mai 6 tsami sau goma. Idan ƙasa ta sauka ƙasa da 5.5, alminiyam yakan narke ya hana saiwa miƙewa, sannan shi da sinadarin ƙarfe su ƙulle fosfaras. Manomi ya zuba sufa da kuɗinsa, shuka kuwa tana nan da yunwa.

An kafa tashar binciken aikin gona ta Samaru a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami’ar Ahmadu Bello a 1962. A 1950 aka fara wani dogon gwaji a can: aka yanka fili ƙanana-ƙanana, wasu ana zuba musu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu kuma ba a zuba komai. Da shekaru suka yi nisa, sai aka tarar filayen da aka dinga zuba wa takin amoniyam salfet shi kaɗai sun yi tsami, amfaninsu ya ja baya, alhali waɗanda aka haɗa musu da kashin shanu sun fi riƙe ƙarfinsu. Dalili kuwa shi ne, irin yumɓun ƙasar tudun Zariya ba ya riƙe sinadarai sosai. Ruɓaɓɓen taki ne ke yin mafi yawan wannan aiki. Yuriya ma tana sa tsami, ko da yake bai kai na salfet ba. A ganina, wanda ya fassara “ta gaji” da ƙarancin taki kurum, ya faɗi rabin ma’anar ne.

Toka tana rage tsami, shi ya sa takin bola yake da farin jini. Amma bolar birni ta zamani akwai leda da matattun batura a cikinta, sai an tsince.

Ɗalibi malami zai iya nuna wa yara tsami da kishiyarsa ba tare da ɗakin gwaji ba. Ya raba ruwan zoɓo kofi biyu, ya matsa lemon tsami a ɗaya, ya zuba ruwan toka ko na kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu kuma ya rikiɗe ya yi duhu, ya doshi kore.